Da A Ce Ƙuri'a Ce Ta Raba Gardama: Yadda Za Ka Gina Zaɓen da Meziko Ba Ta Yi Ba a 1861

Ranar 22 ga Disamba 1860, a filin Calpulalpan da ke arewa da birnin Meziko, rundunar Janar Jesús González Ortega ta fatattaki ta Miguel Miramón, shugaban gwamnatin 'yan mazan jiya, yaƙin basasar shekara uku ya zo ƙarshe. Ba a jima ba aka yi zaɓen shugaban ƙasa, sai dai zaɓe ne na 'yan gida ɗaya. Benito Juárez da Miguel Lerdo de Tejada da González Ortega duk 'yan sauyi ne, wato masu sassaucin ra'ayi. Abokan gabarsu 'yan mazan jiya kuwa, wasu suna cikin duwatsu da bindigoginsu, wasu sun ƙetare teku. Ba su tsaya takara ba, ba su kuma haƙura ba. Abin da suka rasa a fagen daga suka tafi nemansa a fadar Napoleon na Uku a Faransa, ƙasar kuma ba ta samu sa'ida ba sai 1867, bayan an harbe Sarki Maximilian, ɗan gidan sarautar Austria da Faransa ta ɗora a kan mulkin Meziko, tare da Miramón da Janar Tomás Mejía a Querétaro.

Na daɗe ina juya wannan tarihi a raina, saboda shekara goma ta jini ba ƙaramin abu ba ce ga ƙasa mai mutum wajen miliyan takwas. Tambayar da ke dawo mini kullum ita ce: da a ce ɓangarorin nan biyu sun haɗu a rumfar zaɓe fa? Irin wannan rubutu shi nake kira tarihin da-a-ce, inda za ka ɗauki tarihi na gaskiya, ka sauya abu guda a cikinsa, sannan ka bi sawun abin da zai biyo baya. Ko gajeren labari kake son rubutawa, ko darasi za ka shirya wa ɗalibai, ko wasan kaifafa tunani za ku yi da abokai, hanyar ɗaya ce. Ka riƙe wannan tun daga farko: raba ƙuri'u tsakanin 'yan takara shi ne mafi sauƙin aikin. Mai wuyar shi ne ka gamsar da mai karatu cewa wanda ya faɗi zai ajiye bindiga.

Mataki na farko: ka san abin da suke faɗa a kai

Kada ka fara da sunayen 'yan takara. Fara da raunin da ƙasar ke ɗauke da shi. A 1848 Meziko ta sa hannu a yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo, ta rasa kusan rabin ƙasarta ga Amurka. Kowane ɓangare ya dubi wannan asara ya karanta abin da ya karanta. Lucas Alamán, uban tafiyar 'yan mazan jiya, yana ganin kwaikwayon tsarin tarayya irin na Amurka ne ya wargaza ƙasar, kuma addinin Katolika ne igiya ɗaya da ta rage tana ɗaure jama'a wuri guda. Saboda haka suke son gwamnatin tsakiya mai ƙarfi, da rundunar soja mai martaba, da coci mai cikakken iko. 'Yan sauyi kuwa suna ganin dukiyar ƙasa ta daskare a hannun coci, soja ya zama gwamnati a cikin gwamnati, kuma ba za a ci gaba ba sai kowa ya tsaya gaban doka ɗaya.

Ka tuna cewa coci a lokacin ba wurin ibada kawai ba ne. Shi ne babban mai gidajen haya a birane, shi ne mai ba manoma rance, shi ke riƙe da asibitoci da makarantu da maƙabartu, a littafinsa ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Shi ya sa dokoki uku suka tayar da ƙura. Dokar Juárez ta Nuwamba 1855 ta rage ikon kotunan musamman na soja da na limaman coci. Dokar Lerdo ta 25 ga Yuni 1856 ta tilasta wa coci da sauran ƙungiyoyi su sayar da filaye da gidajensu, ta kuma shafi gonakin gandu na ƙauyukan 'yan asalin ƙasa. Sai kundin tsarin mulki na 5 ga Fabrairu 1857, wanda babban bishop na birnin Meziko, Lázaro de la Garza, ya ce duk wanda ya rantse da shi ba za a yi masa hidimar coci ba sai ya janye rantsuwar. Ka auna halin ƙaramin ma'aikaci: in ya ƙi rantsuwa ya rasa aiki, in ya rantse ya rasa limamin da zai tsaya a kansa ranar mutuwa. Wannan mutumin shi ne mai jefa ƙuri'arka. In ka mai da ɓangare ɗaya mala'iku ɗaya shaiɗanu, ba za ka fahimce shi ba, zaɓen naka kuma zai fito fayau babu nauyi.

Mataki na biyu: zaɓi ƙofa ɗaya

Abu ɗaya tak za ka sauya. Da zarar ka sauya uku ko huɗu, ka bar tarihi ka shiga tatsuniya. Ƙofofi uku ne na ga sun cancanci a duba.

Ta farko ita ce Disamba 1857, lokacin da Shugaba Ignacio Comonfort ya goyi bayan juyin mulkin Tacubaya na Janar Félix Zuloaga, ya rushe tsarin mulkin da ya rantse da shi makonni kaɗan kafin nan. Kana iya cewa ya ƙi. Matsalar ita ce a lokacin babu wanda ya gaji da faɗa tukuna, kowa na ganin zai yi nasara da ƙarfi. Ta biyu ita ce Satumba 1860, sa'ad da Santos Degollado, babban kwamandan 'yan sauyi, ya miƙa wa wakilin Ingila George Mathew shawarar sulhu wadda za ta kawo shugaban riƙo da ba Juárez ba ne ba kuma Miramón ba. Juárez ya tsige shi saboda haka. Wannan ƙofa ta yi latti, don tun bayan yaƙin Silao na watan Agusta 'yan sauyi suka hango nasara, wanda kuwa ya hango nasara ba ya zaman sulhu.

Ni ta uku na zaɓa, Maris 1860. Miramón ya yi wa Veracruz ƙawanya, inda gwamnatin Juárez ke zaune tana cin kuɗin kwastan na tashar jiragen ruwa mafi girma a ƙasar. Don ya toshe garin ta teku, ya sayo jiragen ruwa biyu a Havana. Juárez ya ayyana su 'yan fashin teku, sai jiragen yaƙin Amurka suka kama su a Antón Lizardo ranar 6 ga Maris, aka ja su zuwa New Orleans. Kwanaki kaɗan bayan haka wakilan ɓangarorin biyu suka zauna maganar tsagaita wuta, zaman ya watse saboda Juárez ya ce babu sulhun da zai tsallake kundin 1857, Miramón kuma ya ce ba zai karɓe shi ba. Sauyin da za ka yi ƙarami ne: kwamandan Amurka ya ƙi sa hannu, jiragen suka iso. Veracruz ba za ta faɗi da sauƙi ba, tana da ganuwa da sansanin San Juan de Ulúa, kuma zazzaɓin shawara na jiran sojojin tudu da zarar zafi ya shigo. Amma za ta matsu. Ɗaya ba zai iya ci ba, ɗaya ba zai iya numfashi ba. A irin wannan hali ne kawai mutane ke yarda a ƙirga kawuna maimakon gawarwaki.

Mataki na uku: tsayar da rana da doka

A nan mafi yawan masu gwada irin wannan aiki ke zamewa, domin sai su zana zaɓe irin na yau, kowa ya dangwala wa ɗan takararsa, a tara jimilla. Ba haka abin yake ba.

Ranar tana da sauƙi. Comonfort ya kama aiki 1 ga Disamba 1857, wa'adinsa na shekara huɗu zai ƙare ƙarshen Nuwamba 1861. Juárez ya riƙe kujerar ne a matsayinsa na shugaban Kotun Ƙoli, wanda kundin ya ce shi ke gadon shugaba. Ke nan in ka sa zaɓen a tsakiyar 1861, Juárez zai iya cewa bai saki doka ba, lokacin zaɓe ne ya zo da kansa, Miramón kuma zai iya cewa ya tilasta a koma ga jama'a. Kowa ya tsira da mutuncinsa. Dokar zaɓe ta 12 ga Fabrairu 1857 ta sa zagayen farko a Lahadin ƙarshe ta watan Yuni, wato 30 ga Yuni 1861, zagaye na biyu kuma ya fara a Lahadi ta biyu ta Yuli, inda ake zaɓen 'yan majalisa ranar 14, shugaban ƙasa da shugaban Kotun Ƙoli ranar Litinin 15. Wata goma sha biyar na tsagaita wuta ba wasa ba ne, don haka sai ka faɗi yadda aka rayu a cikinsu. A nawa tsarin, kowace gwamnati ta zauna inda take, aka raba kuɗin kwastan na Veracruz, aka bar maganar sassan kundin da ake jayayya a kansu ga sabuwar majalisa.

Ga yadda dokar ke aiki. Namiji ɗan shekara 21, ko 18 in yana da aure, mai halaltacciyar sana'a, yana da ƙuri'a. Mata ba su da ita. Ba shugaban ƙasa yake zaɓa ba, wakili yake zaɓa, ɗaya ga kowane mutum 500. Wanda ya san zaɓen fid da gwani na daliget a Najeriya ya riga ya fahimci rabin al'amarin. An yanka ƙasa zuwa mazaɓu masu mutum 40,000, ke nan kowace mazaɓa tana da wakilai kamar 80, su ne za su taru a babban garin mazaɓar su jefa ƙuri'a a asirce. A lissafi, mutum miliyan takwas za su ba da mazaɓu wajen 200 da wakilai wajen 16,000. A aikace ba a kai haka: a zaɓen gaske na 1861 ƙuri'un wakilai ba su cika 10,000 ba, Juárez ya samu sama da 5,000, sauran biyun kowanne ƙasa da 2,000. Majalisa ce ke ƙirga sakamako, in babu wanda ya haura rabi ita ke zaɓa tsakanin biyun da ke gaba.

Sai ka tambayi kanka ko 'yan mazan jiya za su yarda da wannan doka. Tarihinsu ya nuna sun fi son a taƙaita masu zaɓe. Kundin 1836 ya ce sai mai samun peso 100 a shekara, na 1843 ya ɗaga zuwa 200, a 1846 kuma an tsara majalisa mai kujeru 160 da aka raba bisa sana'a da matsayi, 20 na limaman coci, 20 na soja. Amma ka yi tunani da kyau kafin ka sa su dage a kan haka. Sharaɗin dukiya zai shigo da lauyoyi da 'yan kasuwa da duk waɗanda suka sayi gidajen coci a ƙarƙashin dokar Lerdo, waɗanda babban tsoronsu shi ne a ƙwace abin da suka saya. Ƙuri'ar kowa da kowa kuwa za ta shigo da ƙauyawan da ke jin maganar limaminsu fiye da ta kowane gwamna. A ganina, ɗan mazan jiya mai hangen nesa zai karɓi dokar 'yan sauyi hannu bibbiyu, kuma wannan shi ne abin da zai sa zaɓen naka ya yi zafi. Suna da hujjar sa rai ma, domin a 1849 sun ci zaɓen majalisar birnin Meziko, Alamán ya shugabance ta, kafin matsin lamba ya sa suka ajiye a ƙarshen shekarar.

Mataki na huɗu: tace 'yan takara

Karon farko da na zauna wannan aiki na tsayar da Miramón gaban Juárez, na yi nisa da rubutu kafin na koma ga sashe na 77 na kundin. Dole shugaba ya kai shekara 35, ya zama haifaffen ƙasa, ba limamin coci ba, kuma yana zaune a ƙasar lokacin zaɓe. Miramón bai cika talatin ba a tsakiyar 1861. Sai da na rushe ginin na sake, kuma ginin ya fi kyau, saboda janar matashi mai runduna a hannu wanda doka ta hana takara ya fi ɗan takara haɗari.

Su wa suka rage? Zuloaga ya riga ya zube a idon mutanensa. Juan Nepomuceno Almonte, ɗan jagoran gwagwarmayar 'yanci José María Morelos, yana da suna kuma ya taɓa neman kujerar a 1850, sai dai yana Turai, kuma shi ya sa hannu a yarjejeniyar Mon da Almonte da Sifaniya a 1859, wadda 'yan sauyi ke kira abin kunya. Ni Manuel Robles Pezuela na ɗauka. Injiniyan soja ne, tsohon ministan yaƙi, tsohon jakada a Washington, kuma a Disamba 1858 ya jagoranci yunƙurin haɗa ɓangarorin biyu a teburi ɗaya. Shi ne zai iya janyo masu matsakaicin ra'ayi, waɗanda suke son gyara amma suna tsoron rigima da coci.

A ɓangaren 'yan sauyi kuwa, dole ka bi sawun sauyin da ka yi. González Ortega ya zama gwarzo ne saboda Silao da Calpulalpan. In an tsagaita wuta a Maris 1860, waɗannan yaƙe-yaƙe ba su faru ba, shi gwamnan Zacatecas ne kawai. Miguel Lerdo ya rasu 22 ga Maris 1861 sakamakon rashin lafiya, babu dalilin da zai sa ka raya shi, amma magoya bayansa masu zafin ra'ayi suna nan ba su da uban gida. Juárez, ɗan ƙabilar Zapotec daga ƙauyen Guelatao a Oaxaca, zai tsaya. Tambayar ita ce ko Manuel Doblado na Guanajuato, mutum mai wayon siyasa da ba ya rufe ƙofa, zai fito a matsayin na uku. Ni na fito da shi, domin shi ne zai hana kowa haura rabi.

Mataki na biyar: zana taswira, amma kada launi ya ruɗe ka

Arewa tana da faɗi. Sonora da Chihuahua da Coahuila da Nuevo León da Tamaulipas in ka shafa musu launin 'yan sauyi sai ka ga kamar an gama zaɓe, alhali mutanen can kaɗan ne. Jama'a na tsakiya: jihar Meziko, wadda a lokacin ta haɗa da Hidalgo da Morelos na yau kuma tana da mutum wajen miliyan ɗaya, sai Jalisco, Guanajuato, Puebla, Michoacán da Oaxaca. A can ake cin zaɓe ko a faɗi.

Ɗauki takarda ka jera jihohin, gaban kowace ka rubuta amsar tambaya uku. Wa ke riƙe da babban gari ranar da aka tsagaita wuta? Wa ke naɗa shugabannin gundumomi, waɗanda su ne ke juya zaɓe a ƙasa? Wane ne mai faɗa a ji da ba ya cikin gwamnati? Za ka ga birnin Meziko da Puebla da Querétaro da Guadalajara suna hannun 'yan mazan jiya, Veracruz na Juárez, Guerrero na tsoho Juan Álvarez, Sonora ta Ignacio Pesqueira. Santiago Vidaurri, mai Nuevo León da Coahuila, sunansa ɗan sauyi amma ba ya bin kowa sai kansa, ya ɓata da Degollado a 1859, daga baya ma ya koma wajen Maximilian. Wakilansa na wanda ya bar masa kuɗin kwastan na kan iyaka ne.

Kada ka zuba 'yan asalin ƙasa a buhu ɗaya. Manuel Lozada na Tepic da Tomás Mejía na Sierra Gorda sun bi 'yan mazan jiya da dubban mayaƙa, batun filaye da addini na cikin dalilansu. A duwatsun arewacin Puebla kuwa, ƙauyukan Nahua irin su Xochiapulco sun bi 'yan sauyi, saboda masu zaluntarsu na kusa 'yan mazan jiya ne. Sau da yawa ƙauye na zaɓar ɓangare ne don garin da yake rigimar gona da shi ya zaɓi ɗayan. Yucatán kuma tana fama da nata yaƙin tun 1847, mazaɓu da dama a can ba za su aiko da komai ba.

Mataki na shida: yaƙin neman zaɓe

Nan ba ka da dogon aiki. Ɗan takara ba ya yawon gari-gari, neman ƙuri'a da baki ma abin kunya ne. Jaridu ke tsayar da mutum, ƙungiyoyin magoya baya su mara, wasiƙu su yi ta kai-komo tsakanin gwamnoni. El Siglo Diez y Nueve, wadda Francisco Zarco ke editanta, da El Monitor Republicano na gefe guda, La Sociedad na ɗaya gefen, mumbarin coci kuma ya fi kowace jarida isa ƙauye. Babu layin dogo tsakanin Veracruz da babban birni sai 1873, labari kan ɗauki makonni kafin ya kai Sonora. Makaman suka ma suna nan a shirye. Za a jefi Juárez da yarjejeniyar McLane da Ocampo ta Disamba 1859, wadda da ta fara aiki da ta ba Amurka haƙƙin ratsa mashigin Tehuantepec har abada, da dokokin Yuli 1859 da suka ƙwace dukiyar coci suka mai da aure hannun hukuma. Za a jefi Robles da takardun bashin Jecker, wani mai banki ɗan Switzerland, inda gwamnatin Miramón ta ɗauki nauyin peso miliyan 15 a kan kuɗin hannu da bai kai miliyan ɗaya ba, da kisan Tacubaya na 11 ga Afrilu 1859, lokacin da Leonardo Márquez, janar ɗin 'yan mazan jiya, ya harbe fursunoni har da likitoci da ɗaliban likitanci.

Mataki na bakwai: ka tsaya a rumfa ɗaya kafin ka ƙirga ƙasa

Zaɓi ƙaramin gari guda, a ce a Guanajuato, ka tsaya a ciki da safiyar Lahadi. Kwanaki kafin nan wani da majalisar gari ta naɗa ya zaga gida-gida ya rubuta sunaye ya raba takardun zaɓe, wanda bai ga dama da shi ba yana iya mantawa da ƙofarsa. An ajiye teburi a ƙarƙashin baranda kusa da dandali. Doka ta ce mutanen da suka fara hallara su ne za su zaɓi shugaban teburi da masu ƙirga biyu da magatakarda biyu daga cikinsu, saboda haka tun asuba kowane ɓangare ya turo mutanensa, wanda ya riga ya kama teburi ya kama rumfar. Manomi ya fito daga coci da hularsa a hannu. Bai iya rubutu ba, wani ne ya rubuta masa sunan wakili a bayan takardar, wataƙila limami, wataƙila wakilin mai gonar da yake wa aiki. Ya miƙa, magatakarda ya tambaye shi ko wannan ne zaɓinsa, ya ɗaga kai, alhali rabin garin na kallonsa. Sojoji kuma doka ta hana su zuwa a jere ƙarƙashin hafsa, don haka za su zo bibbiyu, sajan na tsaye a kusurwa.

Wanda ya fito wakili daga irin wannan rumfa yawanci mai kanti ne, ko malamin makaranta, ko lauya, ko mai gona. Su tamanin ɗin nan in sun taru a babban gari makonni biyu bayan haka, shugaban gunduma zai sauke su ya ciyar da su, kuma kowa ya ci ladan kuturu ya san abin da ke kansa. Shi ya sa mazaɓa kan tafi kusan gaba ɗaya ga mutum ɗaya.

Da wannan a ranka sai ka ƙirga. Raba mazaɓunka kashi uku: na Juárez tabbas, na Robles tabbas, da na tababa. A na tabbas ka ba mai gida kaso mafi tsoka, ka bar ɗan saura ga abokin hamayya. A na tababa, in wasa kuke yi da abokai, ku bar wa sa'a rabonta ta hanyar jefa kwabo, amma sai wanda ya samu mazaɓar ya faɗi dalilin da ya sa ta faɗo masa. Ka zubar da kashi ɗaya cikin uku na wakilai, waɗanda ruwan sama ko 'yan fashi ko tsoro suka hana zuwa. Ka kuma sa aƙalla mazaɓu biyar su aiko da sakamako biyu masu karo da juna, kowanne da sa hannu da hatimi, domin a kan waɗannan ne majalisa za ta yi dambe. A nawa lissafin Juárez ya zo na ɗaya bai haura rabi ba, Robles na binsa a kusa, Doblado ya riƙe Guanajuato da wani yanki na Michoacán da Jalisco, magana ta koma majalisa.

Mataki na takwas: washegari

Duk abin da ka gina zai tsaya ko ya rushe a nan. Tarihin ƙasar ba ya taimakonka. A 1828 Manuel Gómez Pedraza ya ci zaɓe, magoya bayan Vicente Guerrero suka tayar da bore suka karɓe. A 1871 majalisa ta zaɓi Juárez bayan babu wanda ya haura rabi, Porfirio Díaz ya ɗauki makami. Abin da za ka iya jingina da shi shi ne Janairu 1851, lokacin da José Joaquín de Herrera ya miƙa wa Mariano Arista mulki lafiya, ko da yake Arista bai kai ƙarshen wa'adinsa ba, ya sauka a Janairu 1853.

Don haka ka rubuta a fili abin da wanda ya faɗi zai samu. Kujerar shugaban Kotun Ƙoli zaɓenta daban ake yi, kuma mai ita ne magajin shugaba, ke nan tana iya zama farashin Doblado ko ta'aziyyar Robles. Majalisar ɗaya ce babu ta dattawa, kuma kundin ya ba ta ƙarfi sosai, 'yan mazan jiya masu kujeru saba'in ko tamanin a cikinta suna da abin da za su kare. Hafsoshi suna buƙatar afuwa da tabbacin muƙamansu da albashi. Coci yana buƙatar wani abu a madadin dukiyar da ta riga ta shiga hannun masu saye, su kuma masu sayen suna buƙatar takardar da ba za a soke ba. Ko Maximilian da 'yan mazan jiya suka kawo da hannunsu bai mayar wa coci dukiyar ba, saboda haka kada ka sa Robles ya yi alkawarin da sarki ma ya kasa cikawa.

Sannan ka ɗaga kai ka dubi teku. Amurka ta faɗa nata yaƙin basasar tun Afrilu 1861, ba ta da hannun da za ta kare kowa. A tarihin gaske, baitulmali ya bushe har Juárez ya dakatar da biyan bashin waje ranar 17 ga Yuli 1861, Ingila da Faransa da Sifaniya suka haɗa kai a London ranar 31 ga Oktoba, jiragensu suka nufo Veracruz. Zaɓenka bai biya wannan bashi ba. Abin da zai iya sauyawa shi ne ko akwai wanda zai buɗe wa baƙi ƙofa daga ciki, tunda sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In Almonte na Paris yana gaya wa Napoleon cewa rabin ƙasa na jiran mai ceto, alhali shugabannin wannan rabin suna zaune a majalisa suna jayayya a kan kasafin kuɗi, maganarsa ta rage nauyi.

A nawa labarin majalisa ta zaɓi Juárez da ƙaramar tazara, Doblado ya hau Kotun Ƙoli, Robles ya karɓi ma'aikatar yaƙi don ya riƙe hafsoshi. Márquez bai yarda ba, ya shiga duwatsu, don babu afuwar da za ta wanke Tacubaya kuma shi ma ya sani. Wanda ya rage shi ne Miramón, yana barikinsa a babban birni da dakaru da ba a biya su albashin wata uku ba, saura shekara biyar doka ta ba shi damar takara. Shafin farko da za ka rubuta bayan sakamako shi ne daren 30 ga Nuwamba 1861 a wannan bariki: wa ya shigo wurinsa, me ya kawo masa, kuma daga wace taska aka samo kuɗin da za a biya sojojin kafin gari ya waye.